Duba Rahoton Bashi a CRC, FirstCentral da CreditRegistry: Dubawa Ba Wuya, Gyara Ne Aiki

Mutum zai je banki neman rance, ya cike fom, ya kawo garanto, ya yi ta zarya, daga ƙarshe a ce masa ba a amince ba, ba wani dogon bayani. Sau da yawa ba a teburin manaja aka yanke hukuncin ba. Tun kafin takardarsa ta kai can an riga an saka lambar BVN ɗinsa a kwamfuta, an jawo rahoton da ke nuna duk bashin da aka taɓa rubutawa da sunansa da yadda ya biya. Kamfanoni 3 ne Babban Bankin Najeriya, CBN, ya ba lasisin ajiye wannan tarihi: CRC Credit Bureau, da FirstCentral Credit Bureau wanda a da ake kira XDS, da CreditRegistry. Kowannensu yana da ƙofar da mutum zai nemi nasa rahoton, ya kuma kai ƙorafi idan ya ga kuskure. Wannan hidima muka ɗora a sikeli.

Ra'ayinmu tun daga farko shi ne, ɓangaren dubawa ya yi kyau. Yana da sauƙi, ana yinsa daga waya, kuma sau ɗaya a shekara kyauta ne. Ɓangaren gyara kuwa da sauran aiki, domin kamfanin da ke riƙe da rahoton magatakarda ne kawai. Abin da mai ba da bashi ya aiko masa shi yake rubutawa, kuma ba zai canza ko kwabo ba sai wanda ya aiko ya tabbatar. Wanda bai gane wannan ba zai ɓata watanni yana bugun ƙofar da ba nan matsalarsa take ba.

Haƙƙin duba rahoto ba alfarma ba ce. Yana cikin Dokar Bayar da Rahoton Bashi ta 2017, wadda Farfesa Yemi Osinbajo ya sa wa hannu a watan Mayun shekarar, lokacin yana muƙaddashin shugaban ƙasa. Dokar ta ba kowa damar karɓar rahotonsa kyauta sau ɗaya a shekara, ta ba shi damar ƙalubalantar abin da ba daidai ba, ta kuma ƙayyade dalilan da za su sa wani ya buɗe rahoton mutum. Cikinsu akwai neman rance, da tsaya wa wani, da neman aiki, da inshora, da karɓar haya. Ke nan abin bai tsaya ga mai neman kuɗi a banki kaɗai ba.

Ka nemi dukkan ukun

Kuskuren farko da ake yi shi ne mutum ya duba kamfani ɗaya, ya ga fes, ya kwanta da kwanciyar hankali. Ƙa'idar CBN ta wajabta wa bankuna su yi musayar bayanai da aƙalla biyu daga cikin ukun, su kuma duba aƙalla biyu kafin su ba da rance. Aƙalla biyu aka ce, ba duka ba. Don haka bashin da wani ƙaramin banki ya kai FirstCentral da CreditRegistry yana iya zama babu shi a CRC, kuma bankin da kake nema a wurinsa wataƙila can yake dubawa inda kai ba ka leƙa ba. Ka nemi ukun a mako guda, ka jera su, ka kwatanta layi da layi. Lokacin da ya fi dacewa shi ne wata 3 kafin ka nemi wani babban rance, saboda gyara yana cin lokaci.

Hanyar nema kusan iri ɗaya ce. Za ka shiga shafin kamfanin na intanet, ka nemi wurin rahoton kyauta na ɗaiɗaikun mutane, ka saka BVN mai lamba 11, da cikakken suna, da ranar haihuwa, da lambar waya, da imel. Ana iya neman hoton katin shaida. Rahoton yana zuwa ta imel. Wanda ya manta BVN ɗinsa sai ya danna *565*0# a layin da ya yi rajista da shi, za a cire ɗan kuɗi kaɗan daga katinsa. Abu biyu ne suka fi kawo cikas a nan. Na farko, rubuta suna ba yadda yake a BVN ba, kamar mai Mohammed a rajista ya rubuta Muhammad. Na biyu, layin da aka yi BVN da shi ya ɓace ko an rufe shi, saƙon tabbatarwa yana tafiya can. Idan haka ne, fara zuwa bankinka a gyara lambar waya a BVN tukuna. Kuma ka buga adireshin shafin da hannunka, kada ka bi mahaɗin da aka turo a WhatsApp, domin BVN da ranar haihuwa su ne ainihin abin da ɓarayin intanet ke farauta.

Rahoto ne dokar ta ce kyauta, ba ta ambaci maki ba, wato lambar da kamfanin ke auna amincin mutum wajen biyan bashi da ita. Kada ka yi mamaki idan aka nemi kuɗi kafin a nuna maka makinka, ko kafin a ba ka rahoto na biyu a cikin shekara ɗaya.

Yadda ake karanta shi

Rahoton da Turanci yake zuwa, cike da jadawali, kuma wannan na cikin manyan naƙasunsa. Amma ɓangarorinsa ba su da yawa. Na sama yana ɗauke da suna, ranar haihuwa, lambobin waya da adireshin da masu ba da bashi suka aiko. Kada ka tsallake shi. Adireshi a garin da ba ka taɓa zama ba, ko lambar wayar da ba taka ba, alama ce ta cewa ko an cakuɗa bayananka da na wani, ko wani ya yi amfani da sunanka.

Sai jerin basussuka. Kowane layi yana nuna sunan mai ba da bashin, lambar asusu, ranar da aka bayar, adadin da aka bayar, abin da ya rage, abin da lokacin biyansa ya wuce, yawan kwanakin da aka makara, da matsayin bashin. Matsayin nan shi ne idon ma'aikacin banki ke fara sauka a kai. Idan aka rubuta performing, bashin yana tafiya daidai. A ƙa'idar CBN ga bankunan kasuwanci, bashin da ya haura kwana 90 ba a biya ba ya shiga sahun marasa tafiya: daga kwana 90 zuwa 180 ana kiransa substandard, daga 180 zuwa 360 doubtful, wanda ya wuce 360 kuma lost, wato banki ya fid da rai. Layi ɗaya mai wannan kalma ta ƙarshe ya isa ya tsayar da takardar mutum, ko da naira dubu biyu ce. A bankuna da manhajoji da dama na'ura ce ke tace masu nema kafin ɗan Adam ya gani, kuma na'ura matsayi take karantawa.

Akwai kuma ɓangaren da ke nuna waɗanda ka tsaya wa, da cakin banki da ya dawo babu kuɗi, da jerin waɗanda suka buɗe rahotonka da ranakun da suka buɗe. Wannan na ƙarshe yana da amfani ƙwarai. Idan ka ga kamfanin da ba ka taɓa neman komai a wurinsa ba ya duba ka, mai yiwuwa wani ne ya gwada karɓar bashi da BVN ɗinka.

Game da maki, ma'aunin kamfanonin ba ɗaya ba ne. Na CRC an gina shi da haɗin gwiwar kamfanin FICO na Amurka, yana tashi daga 300 zuwa 850. Na CreditRegistry, wanda suke kira SMARTScore, yana tashi daga 100 zuwa 999. Don haka 650 a nan ba 650 ba ne a can, kuma kwatanta su ɓata lokaci ne. FICO ta bayyana cewa a tsarinta na gama-gari, tarihin biya shi ne kashi 35 cikin 100, yawan bashin da ke kan mutum kashi 30, daɗewar tarihi kashi 15, sai sababbin basussuka da bambancin nau'o'insu kashi 10 kowanne. Mu dai muna ganin sayen maki ba shi ne farko ba. Maki sakamako ne. Rahoton shi ke nuna inda ciwon yake.

Inda abubuwa ke lalacewa

Matsalar da ta fi yawa ita ce bashin da aka biya amma har yanzu yana nan a buɗe. Dalilinta biyu ne. Ko dai mai ba da bashin bai aika sabon bayani ba, duk da cewa ana sa ran ya riƙa aikawa wata-wata, ko kuma bashin bai rufu da gaske ba. Na biyun ya fi cin mutane. Ka tambayi abin da ya rage ranar Litinin, ka biya ranar Alhamis, a kwana ukun nan kuɗin ruwa ya ɗan hau. Ragowar 'yan ɗaruruwan naira ta zauna a asusun, babu mai kiranka a kanta, tana ƙirga kwanaki har ta wuce 90, ta wuce 360. Shi ya sa duk ranar da za ka rufe bashi, ka nemi adadin rufewa na wannan ranar, ka biya a ranar, ka kuma karɓi sitatimen da ke nuna sifili.

Ma'aikatan gwamnati suna da tasu. Rancen albashi ana cire shi ne daga tushe ko da zarar albashi ya shigo. Idan jiha ko ƙaramar hukuma ta makara da biya, kwamfutar banki ba ta san uzuri ba, makara kawai take rubutawa. Haka idan an cire kuɗin a takardar albashi amma bai isa ga mai bashin a kan lokaci ba. Wanda ya sauya bankin da albashinsa ke shiga alhali da sauran bashi a tsohon, shi ma ya buɗe wa kansa wannan ƙofar. Takardun albashi masu nuna cirewar wata-wata su ne hujjar ma'aikaci, a adana su.

A Arewa akwai wata babba da ya kamata a faɗe ta ƙarara. Rancen korona na naira biliyan 50 da CBN ya fito da shi a 2020 ta bankin NIRSAL Microfinance, da shirin Anchor Borrowers da aka ƙaddamar a Kebbi a watan Nuwamban 2015 don manoma, duka bashi ne. Jama'a da dama sun ɗauke su a matsayin tallafi, rabon gwamnati da ba a mayarwa. An rubuta su da BVN, kuma suna nan. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne yadda aka riƙa nema: mutum ya miƙa BVN da lambar asusu ga wani mai kafe ko wakili ko shugaban ƙungiya, a cike masa, a ba shi wani kaso, alhali cikakken adadin ne aka rubuta a kansa. Wani manomin taki da iri ya karɓa, bai taɓa ganin takardar da ke nuna darajarsu a kuɗi ba. Duk wanda ya taɓa ba da BVN ɗinsa don a saka shi a wani shiri, shi ya fi kowa bukatar duba rahotonsa.

Sai cakuɗewar suna. Inda ake da Abubakar Muhammad da Aisha Ibrahim bila adadin, kuma da yawa an rubuta musu 1 ga Janairu a matsayin ranar haihuwa, ba abin mamaki ba ne bashin wani ya sauka a kan wani. BVN, da aka fara a watan Fabrairun 2014, ya rage wannan sosai, amma tsofaffin basussuka da na ƙananan masu ba da rance da ba su cika bayanai ba suna iya maƙalewa ta hanyar suna da lambar waya. Layin da kamfanin sadarwa ya sake sayarwa bayan mai shi na farko ya bar shi yana iya zuwa da tarihin wancan.

Batun garanto kuma, mutane suna sa hannu don kunya ko zumunci, suna ɗauka shaida ce kawai. A idon banki wanda ya tsaya wa mutum ya ɗauki alkawarin biya idan wancan ya gaza, kuma hakan yana iya fitowa a rahotonsa. Wannan ba kuskure ba ne da za a goge. Mafita ita ce a biya, ko a zauna da banki a sauya garanto da yardarsa.

Manhajojin rance na waya, musamman masu lasisi, da yawansu suna aika bayani ga waɗannan kamfanoni. Naira dubu biyar da aka karɓa cikin dare, aka goge manhajar, aka sauya layi, tana nan a jikin BVN.

Gyaran kuskure

Nan ne hidimar ke nuna rauninta, kuma nan ne tsari ke da muhimmanci. Fara da wanda ya aiko da bayanin. Rubuta wa bankin ko kamfanin takarda, ka ambaci BVN, lambar asusun bashin yadda take a rahoton, abin da aka rubuta, da abin da ya kamata a rubuta. Ka haɗa kwafin shafin rahoton da rasidan biya ko sitatimen. Ka kai kwafi biyu reshe, a buga hatimin karɓa da kwanan wata a kan naka, ka kuma nemi lambar ƙorafi. Maganar baki da jami'in da ke kula da asusunka ba ta zama hujja, gobe ana iya yi masa canjin wurin aiki. Abu biyu za ka nema a takardar: takardar shaidar cewa ba a bin ka bashi, wadda bankuna ke kira letter of non-indebtedness, da kuma a aika gyara ga dukkan kamfanonin da aka kai sunanka. Mutane da yawa suna karɓar ta farko su tafi gida da murna, alhali takardar tana aljihunsu, rahoton kuma bai motsa ba. Reshe ne ke ba da takarda, amma sashen da ke aika bayanai yawanci yana hedikwata, kuma sai an sanar da shi.

A rana ɗaya ka shigar da ƙorafi a kamfanin rahoton, ta fom ɗin shafinsu ko imel, da takardu iri ɗaya. Ka nemi a sa alamar cewa ana jayayya a kan wannan layi har a gama bincike, don duk wanda ya duba a tsakani ya gani. Dokar 2017 ta ba kamfanin kwanakin aiki 10. Idan ba a warware ba, maganar tana wucewa CBN, daga nan kuma ƙofar kotu a buɗe take. A aikace kamfanin zai tura tambaya ga mai bashin ya jira amsa, don haka saurin abin yana hannun wanda ya yi kuskuren tun farko. Wannan shi ne babban gibin tsarin a ganinmu, kuma shi ya sa muke cewa a matsa ta ɓangarorin biyu lokaci guda. Idan kuskuren ya fito a kamfanoni biyu, ƙorafi biyu za ka shigar. Gyaran ɗaya ba ya bin ɗaya.

Idan banki ya yi shiru, Sashen Kare Haƙƙin Masu Hulɗa da Bankuna na CBN yana karɓar ƙorafi ta cpd@cbn.gov.ng ko ta rassan CBN da ke manyan biranen jihohi. Sharaɗinsu shi ne ka fara kai wa bankinka, ka ba shi mako 2, ko kwana 30 idan maganar rance ce ko cajin da ya wuce ƙima, ka kuma nuna shaidar ka kai. A nan hatimin nan da lambar ƙorafi ke aiki. Manhajar rance da ba ta ƙarƙashin CBN, ko wadda ke aika saƙon cin mutunci ga 'yan uwa da abokai, hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ake kai wa, wadda ta fara yi wa masu rancen intanet rajista tun 2022. Yin amfani da bayanan mutum ba da izininsa ba kuma ya shafi Dokar Kare Bayanai ta 2023 da hukumarta, NDPC. Idan wani ne ya ci bashi da sunanka, ka ƙara da rahoton 'yan sanda da takardar rantsuwa ta kotu, ka kuma nemi mai bashin ya nuna asusun da aka zuba kuɗin a ciki. Sau da yawa wannan tambaya kaɗai ke raba gardama.

Bayan an ce an gyara, ka ba shi mako 4 zuwa 6, sannan ka nemi sabon kwafi ka gani da idonka. Yakan faru a gyara da hannu a wannan wata, wata mai zuwa kwamfutar banki ta sake aiko da tsohon bayani ya danne gyaran, saboda ba a gyara a tushe ba.

Idan bashin gaskiya ne

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma rahoton ba ya hukunta mutum don ya ci bashi. Rashin biya yake nunawa. Abin da ba zai yiwu ba shi ne goge bashin gaskiya. Doka ta ce a ajiye bayani aƙalla shekara 6, sannan a mayar da shi ma'ajiya na ƙarin shekara 10. Biya ba ya share layin, yana sauya matsayinsa zuwa rufaffe, kuma bambancin da ke tsakanin wanda ya makara ya biya da wanda har yau ake bi babba ne a wurin mai duba takarda.

A kula da kalmar written off. Wasu suna ganinta su ɗauka an yafe musu. Banki ne ya cire bashin daga lissafin kadarorinsa, amma haƙƙinsa na karɓa yana nan. Labari mai daɗi shi ne irin wannan bashi ya fi sauƙin sasantawa. Ana iya rubuta wa sashen karɓo bashi a nemi a yafe tarar makara da wani ɓangare na kuɗin ruwa, a biya uwar kuɗi gaba ɗaya ko kashi-kashi. Amma kada ka biya ko sisi sai yarjejeniyar ta fito a rubuce a takardar banki, da adadi, da wa'adi, da jimlar da ke cewa wannan biya ya rufe bashin baki ɗaya. In babu wannan jimla, abin da ka biya ragi ne kawai, ragowar tana ci gaba da hawa. Kuɗin kuma asusun bashin zai shiga, ba asusun wani ma'aikaci ko ɗan karɓo bashi ba.

Rufewar banki ba ta kashe bashi. Wanda Diamond ke bi, Access ne ya gaje shi tun haɗewarsu a 2019. Wanda Heritage ke bi, bayan CBN ya soke lasisinsa ranar 3 ga Yunin 2024, hukumar inshorar kuɗin ajiya a banki, NDIC, ce ke karɓa, kuma ita za a nemi takardar shaida a wurinta. Wasu tsofaffin manyan basussuka kuma suna hannun AMCON, wadda aka kafa a 2010 don sayen irinsu.

Gudu ma ya daina aiki. Tun 1 ga Agustan 2020 tsarin GSI ya ba banki damar bin BVN ya ɗebi abin da yake bi daga asusun mutum a wasu bankuna, har da asusun haɗin gwiwa da na lalitar waya, muddin wanda ya ci bashin ya sa hannu a wannan izini lokacin karɓa. Uwar kuɗi da kuɗin ruwan da ya taru ake ɗauka ta wannan hanya, ban da tarar makara. Wanda aka cire masa ta GSI ya koma ya nemi sitatimen, domin wataƙila akwai ragowar da ta hana bashin rufuwa.

Masu cewa a ba su kuɗi su wanke BVN, ko su cire suna daga baƙin littafi, damfara ce. Ba su da hanyar shiga rumbun kamfanonin nan, kuma abin da suke nema, BVN da lambar sirri ta OTP, shi ne daidai abin da ake buƙata a ci sabon bashi da sunanka. A kuma bambance tsakanin rahoton bashi da jerin BVN da aka sa wa ido. Na biyun na waɗanda banki ya tabbatar da zamba a kansu ne, NIBSS, mai kula da rumbun BVN, ke riƙe da shi, kuma rashin biyan rance kaɗai ba shi ne ke kai mutum can ba.

Abin da har yanzu ya rage musu

Ban da Turanci da jinkirin gyara, akwai naƙasun da ya fi damunmu. Hedikwatar kamfanonin uku duka a Legas take, kusan komai kuma ta intanet da imel ake yi, alhali wanda ya fi shiga matsala, manomi ko mai ƙaramar sana'a, shi ne mafi nisa da imel. Dole ya nemi mai taya shi, kuma a nan ne bayanansa ke sake fita hannun wani. Wanda zai nemi taimako ya nemi ɗa ko ɗan uwa amintacce, a buɗe imel da sunansa shi kansa, kuma kada a bar kwafin rahoton a kwamfutar kafe.

Sannan rahoton bai san amanar kasuwa ba. Ɗan kasuwar da ya shekara 20 yana karɓar kaya bashi a Kantin Kwari ko Dawanau yana biya a kan lokaci, da matar da ba ta taɓa saɓa zubin adashe ba, idan aka buɗe rahotonsu babu komai. Rashin tarihi ba laifi ba ne, amma ba ya ba da maki, kuma mai ba da rance yakan fara da irin wannan mutum daga ƙaramin adadi. Masu guje wa rance mai ruwa kada su ɗauka abin bai shafe su ba. Jaiz da TAJBank da Lotus bankuna ne masu lasisin CBN, ƙa'idar dubawa da aikawa ta hau kansu, don haka murabaha, wato banki ya sayi kaya ya sayar maka da riba ka biya daga baya, ta mota ko kayan shago da aka biya kan kari tana gina tarihi kamar kowane rance.

Ga mai son farfaɗo da rahoto bayan ya biya tsohon bashi, hanya ɗaya ce: ƙaramin bashi guda daga wurin da ka tabbatar yana aika bayani, a biya shi a kan rana, wata bayan wata. Ka tambaye su kai tsaye wane kamfani suke kai wa kafin ka sa hannu. Ka nemi a sa ranar biya kwana 3 zuwa 5 bayan ranar da kuɗi ke shigo maka, ka tabbatar akwai ɗan ƙari a asusun saboda cajin banki kada ya sa cirewar ta gaza da naira hamsin. Kada ka nemi rance a manhajoji biyar a mako guda don gwada sa'a, kowace dubawa tana fitowa a rahoton, kuma tarinsu yana nuna mutumin da ke cikin matsi. Mai kamfani mai rajista da hukumar rajistar kamfanoni, CAC, ya nemi rahoton kamfanin daban da nasa, domin banki yana duba biyun, har da na sauran daraktoci.